Hutun Jaki da Kaya a Ka

 Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalamin, kuma maganar da na zo da ita ta samo asali ne daga wani bidiyo da ya yi ta yawo a wayoyinmu kwanakin baya. Wataƙila kun gani. Wani ɗan ƙaramin gari ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, sunansa Kalistoga, can ƙarshen kwarin Napa. Gonakin inabi ne jere iya ganinka, ga ruwan zafi yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ga mutane kwance cikin kwamin laka an bar musu kai kawai a waje, wasu kuma zaune a inuwa da kofunan giya a hannu. Na karanta abin da mutanenmu suka rubuta a ƙarƙashinsa. Wani ya ce garin mashaya ne, Allah ya tsare mu. Wani ya ce sai wanda ya ƙoshi ne zai biya kuɗi a kwaɓa masa taɓo. Wata ta ce mu nan damina ɗaya a lungunmu ta ishe ka wankan laka kyauta.

Na yi dariya kamar kowa. Daga baya na tuna da mahaifina, sai dariyar ta tsaya.

Ra'ayina a kan wannan magana shi ne: giyar tasu ce, ba mu da gami da ita. Amma ɗaya abin da bidiyon ya nuna, wato mutum ya ɗauki jiki ya bar gida ya tafi wani wuri ba don komai ba sai don ya huta, tun kafin ciwo ya kayar da shi, wannan muna buƙatarsa fiye da su, kuma rashinsa yana cin mutanenmu.

Mu fara da sanin irin waɗannan garuruwa. Kalistoga yarinya ce a cikinsu, don a shekarun 1860 aka fara gina masaukin baƙi a kan ruwanta. Lakar da muka yi wa dariya tokar dutse mai aman wuta ce ake kwaɓawa da ruwan zafin wurin. Manyan suna Turai. Akwai garin Spa a ƙasar Beljiyam, wanda sunansa ya zama sunan duk wani gidan wanka da tausa a duniya, har da waɗanda muke gani an kafa musu allo a titunan Nasarawa. Akwai Bath a Ingila, inda Rumawa suka gina wuraren wanka kusan shekara 2,000 da suka wuce a kan ruwan da yake fitowa da zafin digiri 46 a ma'aunin Salshiyas. Akwai Baden-Baden a Jamus da Vichy a Faransa. A shekarar 2021 hukumar UNESCO ta haɗa irin waɗannan garuruwa guda 11 daga ƙasashe 7 ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya. A Faransa likita yana iya rubuta wa mai ciwon gaɓoɓi ko na numfashi zaman kwana 18 a garin ruwan ɗumi, asusun inshorar lafiya na ƙasa ya biya wani kaso na kuɗin.

Ita giyar, makwabtaka ce ta haɗa su. Ƙasar da take da tuddai da rana mai kyau inabi yana yi a cikinta, wasu wuraren kuma an yi dace ruwan zafi yana nan kusa, sai 'yan kasuwa suka ɗaure kayan biyu a ƙunshi ɗaya suke sayarwa. Mu hukuncinta a wajenmu sananne ne, ba sai na tsaya a kai ba. Ko a wajen likitocinsu ba ta cikin lissafin lafiya: a watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu wani adadin giya da za a ce shansa ba shi da illa. Haɗa ta da zama cikin ruwan zafi ma hatsari ne, don duka biyun suna buɗa hanyoyin jini, mutum ya ji jiri ya sulale cikin ruwa. To in ka ɗauke kwalbar, me ya rage? Ruwa, iska mai kyau, tattaki da safe, abinci a kan lokaci, barci da wuri, da kuma babban cikinsu: nisa da gida. Duk cikin waɗannan ban ga wanda ya fi ƙarfin Bakano ba.

Sai dai mu tambayi kanmu, me yake fitar da mutumin cikin gari daga Kano? Fatauci, biki, ta'aziyya, aikin Hajji ko Umara, sai jinya. Mun san hanyar Alƙahira da ta Indiya sarai, amma sai bayan an faɗi, an sayar da fili ko gona. Ka ce wa dattijon unguwarku za ka Bauchi kwana uku, zai ce wa ya rasu? Ka ce ba kowa. Wa ake aurarwa? Ba kowa. To me za ka saro? Ka ce hutawa za ka yi, ka ga irin kallon da zai yi maka.

Harshenmu ma ya tona mu. Wanda muke kira “ɗan hutu” shi ne sangartaccen da bai san zafin nema ba. In yaro ya fara rashin ji sai a ce hutu ne ya yi masa yawa. Kullum safiya ana tambayarmu “ina gajiya?”, kullum amsar ɗaya ce, “ba gajiya”, ko da a gadon asibiti aka yi tambayar. Wanda muke ce wa “ya huta” da zuciya ɗaya, ba gori ba habaici, shi ne wanda ya sha jinya ya rasu.

Ban ce neman na kai laifi ba ne. Da shi aka san Kano, da shi aka gina Kurmi da Kwari da Dawanau. Amma jiki yana da iyakarsa, kuma an auna ta. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani bincike da ya nuna cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya ta dalilin doguwar awar aiki. Sun ce mai aikin awa 55 ko fiye a mako, hatsarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya ɗara na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. Yanzu ku lissafa mini awar mai shago a Kwari, ko direban A Daidaita Sahu, ko mai shayi, ko tela a goman ƙarshe na azumi. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwana 6 da albashinsa. Wannan ga mai takardar ɗaukar aiki ke nan. Mafi yawan iyayenmu su ne ma'aikatan, su ne masu gidan, babu wanda zai sa musu hannu a takardar hutu.

Mahaifina tela ne. Sama da shekara 30 yana kan keke, a shago ɗaya, tafiyar minti biyar daga gidanmu. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin shagon a rufe kwana biyu a jere ba, in ba rasuwa aka yi ba. A azumin da ya faɗo cikin zafin watan Afrilu, saura kwana uku Sallah, ya miƙe zai ɗauko almakashi sai ya tafi luu, yaransa suka tare shi. A asibiti aka auna jininsa, 180 bisa 110. Ma'aikaciyar ta ce daga 140 bisa 90 ake fara kiransa hawan jini, ta tambaye shi yaushe rabonsa da awo. Ya ce shi bai taɓa yi ba, ai lafiyarsa ƙalau. Allah ya taƙaita, bai kai ga shanyewa ba. Likita ya rubuta magani, ya hana shi gishiri da yawa, sannan ya ce, “Baba, sai ka huta sosai. Mako biyu ban yarda ka je shago ba.”

Muka kawo shi gida ya huta. Duk wanda ya tashi a cikin badala ya san abin da ya biyo baya. Tun an idar da sallar Asuba ake sallama. Maƙwabta, abokan sana'a, 'yan majalisa, dangin Umma, dangin dangi. Kowa ya zo sai an tashe shi, don ba a cewa mai gida yana barci alhali mutum ya tako tun daga Kurna. Kowa sai ya ji yadda abin ya faru tun daga almakashin. Kowa da maganin da ya zo da shi: wannan tafarnuwa, wancan zogale, wani sassaƙe a leda. Masu ɗinki kuma suna biyo sahun masu dubiya, a gaisa, a yi addu'a, sannan a sunkuyar da kai a ce, “Alhaji, ba don na matsa ba, amma shaddar nan tawa...” Da rana ɗaki kamar tanda, da dare janareton maƙwabta. Ranar da na ƙirga, mutum 41 ne suka shigo gaishe shi. A kwana na biyar ya sa hularsa ya ce gara shagon, can ko ba komai hannunsa ne yake aiki ba bakinsa ba.

Kada a fahimce ni baibai. Dubiya zumunci ce, kuma ranar da babu mai leƙo ka ita ce ranar kuka. Ba zan musanya unguwarmu da unguwar da maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Amma gaskiya ɗaya ce: a cikin gari mutum mai jama'a ba ya iya hutawa a gidansa. Hutun jaki ne da kaya a ka. Shi ya sa na ce a cikin abubuwan da garuruwan can suke sayarwa, nisa da gida ya fi ruwan daraja.

Ni na taɓa zuwa Yankari lokacin muna Poli, da motar makaranta, muka yi hoto muka dawo. Da sanyi ya shigo sai na kawo wa Yayana shawarar mu kai Baba can. Muka fara tambayar likitansa, ya ce ba laifi, ya tafi da maganinsa, kada ya daɗe cikin ruwa, kada kuma ya shiga shi kaɗai. Shawo kan Baban ne ya ɗauke mu wata guda. Da ƙyar ya yarda, shi ma don Yaya ya ce masa an riga an biya kuɗin mota, ba a mayarwa.

Ga wanda bai san hanyar ba: daga Kano ka bi ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi, ka shiga Bauchi. Daga nan ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karya kudu zuwa ƙofar dajin a Mainamaji, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga ƙofa kuma akwai tafiyar kilomita 40 da 'yan kai cikin daji kafin ka isa masaukin Wikki. An keɓe dajin a shekarar 1956, aka buɗe shi ga baƙi a watan Disambar 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Akwai giwaye, ɓauna, gwanki, dorina da kada, kuma da rani aka fi ganinsu, lokacin da ciyawa ta bushe suka gangaro kogin Gaji shan ruwa.

Shi marmaron Wikki daga ƙarƙashin wani jan dutse yake fitowa, a gindin masaukin, sai ka sauka matakala. Ruwan garau yake, kana hango yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Bai kai zafin jikin mutum ba, don haka ba ya ƙuna: da tsakar rana ka ji shi da ɗan sanyi, da asubar hunturu ka ji kamar an sirka maka. Ana ƙiyasta lita miliyan 21 yake zubarwa kullum, ya gangara kogin Gaji. Faɗinsa wajen mita 13 ne, ta wajen dutsen yana shanye dogon mutum, can ƙasa kuma iya gwiwa ne, yara ma suna wasa.

Da muka sauka matakalar Baba ya tsaya ya dubi ruwan, ya dube ni, ya ce, “Yanzu kai duk wannan uwar tafiyar da ka sa muka yi, wanka za mu yi?” Na ce, “Eh Baba, wanka da barci.” Ya ce Allah ya shirye ni.

Ranar farko bai huta ba. Yana ta laluben waya, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa, yana lissafin ɗinkin da ya bari. Da la'asar wani gwaggon biri ya fizge ledar burodi daga hannun Yaya ya haye bishiya, ya zauna yana ci yana kallonmu. A nan na ji Baba ya yi dariyar da na manta yana da ita, har da riƙe ciki. Rana ta biyu ya naɗe wando ya sa ƙafa, can ya zauna cikin ruwan iya ƙirji a inda ba zurfi, minti goma sha biyar ya fito kamar yadda likita ya ce. Da yamma muka zaga cikin masaukin a ƙafa, mugun dawa na kiwo a gefenmu ko a jikinsa. Daren nan ya kwanta bayan Isha'i, bai motsa ba sai da na tashe shi Asuba. Ya zauna bakin gado ya yi shiru, sannan ya ce rabonsa da barci irin wannan tun kafin a haife ni.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ruwan Wikki bai warkar da shi ba. Har gobe yana shan ƙwayarsa kullum safe, yana zuwa awo duk wata. Duk wanda ya ce muku wani ruwa yana maganin hawan jini ko sukari ko rashin haihuwa, aljihunku yake hange. Ruwan ɗumi yana sassauta jijiya, yana rage wa mai ciwon gaɓoɓi raɗaɗi na wani lokaci, yana jawo barci. Iyakarsa ke nan. Kuma zafi in ya yi yawa yana da nasa sharrin, mu ne ma shaida. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya sun yi rubutu a kan yawan matan da zuciyarsu take kasawa bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da wankan tafasasshen ruwa na jego. Saboda haka mai ciwon zuciya, da mai juna biyu, da wanda jininsa bai daidaita ba, su tambayi likita kafin su shiga kowane irin ruwan zafi, ko a Bauchi yake ko a Jamus.

Abin da tafiyar ta yi masa daban ne. Ya gani da idonsa cewa ya bar shago kwana huɗu, shago bai rushe ba, yaransa sun riƙe, masu kaya ba su gudu ba. Wannan ne abin da shekara 30 bai yarda da shi ba. Tun daga nan ba ya buɗewa ranar Juma'a, kuma daga 15 ga azumi ba ya karɓar sabon ɗinki ko na wane ne.

Na san abubuwan da za a ce, don an riga an faɗa mini su a majalisa.

Za a ce kuɗi. Gaskiya ne, ana fama da na cefane. Ba na ce wa wanda bai ci ba ya tafi yawon shan iska. Amma mu dubi inda kuɗinmu yake tafiya in muna da shi. Anko nawa muke yi a shekara? Nawa ake kashewa a kamu da dina na biki ɗaya? Abin da muka kashe a kwana huɗun nan, mu uku, bai kai abin da muka kashe a daren farko a asibiti da gwaje-gwaje ba. Muna adashen Sallah, muna na kayan ɗaki, muna na ragon layya. Me zai hana mutum goma su yi na hutu, duk wata a zuba abin da ya sawwaƙa, in sanyi ya shigo a ɗauki bas ɗaya? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ba dole sai Yankari ba. Dam ɗin Tiga bai fi kilomita 70 daga birni ba. Gidan kakanni a ƙauye ma wuri ne, in dai za a kashe waya a kuma roƙi dangi su yi haƙuri da gaisuwa.

Za a ce hanya. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba. A yi tambaya a tasha kafin a tashi, a bi motar da aka sani, a fita da sassafe, kada a yi dare. Wurin da hankali bai kwanta da shi ba a haƙura da shi sai wani lokaci. Amma hanyoyin nan dai su muke bi zuwa ɗaurin aure duk Asabar, ba mu fasa ba.

Za a ce al'adar Turawa ce. Nan ne ban yarda ba sam. Sarakunan Kano suna da gidaje a wajen ganuwa, a Dorayi da Fanisau, kuma har yau Hawan Dorayi da Hawan Fanisau fita ce daga birni, a wuni a can a dawo da yamma. A Nijar, arewa da Agadas cikin duwatsun Abzin, akwai ruwan zafi na Tafadek, inda Buzaye da Hausawa suka daɗe suna zuwa su yi kwanaki saboda ciwon gaɓoɓi, ba Bature ne ya koya musu ba. A kudu akwai Ikogosi a jihar Ekiti, inda ruwan ɗumi da na sanyi suke gudana kusa da juna har su haɗe. Sirace namu ne, tausa tamu ce. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa jiki yana da haƙƙi a kan mai shi. Ko a zamanin nan, Audu Bako, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, da ya gina dam ɗin Tiga bai tsaya a noman rani ba: a zamaninsa aka yi otal ɗin Bagauda a bakin ruwa, aka yi Gidan Zoo, don talaka ya sami inda zai kai iyalinsa. Yau harabar Bagauda makarantar horar da lauyoyi ce. Wurin da mutanen gari ba sa zuwa, dole wata rana a nema masa wani aikin. Hatta inabin da muka gani a bidiyo muna da shi: manoman ƙaramar hukumar Kudan, kusa da Zariya, suna noma shi. Ranar da wani mai hangen nesa zai kafa rumfuna a bakin irin wannan gona, baƙo ya tsinka da hannunsa, a matse masa ruwan ya sha da sanyinsa, ya kwana ya tashi cikin iskar ƙauye, zai ga ciniki.

Magana ta ƙarshe ita ta fi damuna, don ni ma na faɗa cikinta. Mun kai Baba, mun bar Umma a gida. Ko a ranmu bai zo ba. Ita ce ta yi jinyar, ita ta dafa wa masu dubiya 41 ɗin nan shayi, ita take tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, ba Juma'a ba Lahadi. Da muka dawo muna ba ta labarin biri, ta yi dariya ta ce, “Ni kuwa ko Tiga ban taɓa gani ba.” A shekararta 50 da ɗoriya, tana zaune kilomita 70 daga wurin. Hutun da al'ada ta yanka wa mace shi ne kwana 40 na jego, shi ma da jariri a hannu. In ta daina haihuwa shi ke nan, an rufe littafin.

Na san abin da yake hana da yawa: ba macen cikin gari da za ta shiga ruwa maza na tsaye, kuma ba mijin da zai so haka. Wannan ba matsala ce mai wuyar magani ba. Ƙasashen Musulmi masu gidajen wanka, irin su Turkiyya da Maroko, tuntuni suka raba: ɓangaren mata daban, ko lokacin mata daban, da ma'aikata mata. Duk mai wurin shaƙatawa a Arewa da yake son iyalai su zo, ya ware wa mata sa'o'insu, ya kewaye wurin, ya sa mata su kula da shi, ya kuma sanar. Mu ma mu riƙa tambaya kafin mu biya, don ɗan kasuwa abin da ake tambaya yake kawowa.

Mu da muke rubutu kuma, kalma ɗaya. Na gaji da karanta labarin da in ango ya so burge amarya sai Dubai, in Alhaji ya gaji sai Landan, a otal ɗin da marubucin bai taɓa gani ba sai a fim. Mai karatu yana rufe littafin da yaƙinin cewa hutu na masu jirgi ne. Ku je Tiga, ku je Wikki, ku zauna ku ga yadda dattijo yake sa ƙafa a ruwa yana waige kamar mai sata. Akwai labari a nan wanda ba a rubuta ba tukuna.

Mun fara adashenmu a gida, mu biyar, ni da yayyena. Wannan karon Umma ce a gaba, da ƙanwarta don ta sami abokiyar hira. Da na gaya wa Baba ya ce shi ba ruwansa, yara ne da ɓarnar kuɗi. Bayan kwana biyu ya kira ni shago, yana kan keke bai ko ɗago ba, ya ce, “Wai motar nan taku, mutum nawa take ci?”

Ku gaya mini a ƙasa, yaushe rabon mahaifiyarku da kwana uku ba ta hura wuta ba, ba kuma don tana kwance ba lafiya ba? Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ya jiƙansu. Sai mako mai zuwa, in mai dukanmu ya kai mu.